Kare Huhu Yayin Tiyatar Sankarar Bututun Abinci

Bututun abinci shi ne hanyar da loma ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi. Tsawonsa ya kai kimanin santimita 25, kuma yana ratsa ƙirji ne tsakanin huhun dama da na hagu. Idan sankara ta kama shi, sai haɗiya ta soma wuya: da fari tuwo ya ƙi wucewa, sa'an nan kunu, daga ƙarshe har ruwa.

Tun shekarar 1913 Franz Torek ya yi nasarar yanke irin wannan sankara a birnin New York, a 1946 kuma Ivor Lewis ya bayyana hanyar buɗe ciki da ƙirjin dama. Amma har yau ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke halaka majinyaci bayan wannan tiyata.

Dalili kuwa shi ne, kafin likita ya kai ga bututun, sai an sace iskar huhun dama ya lafe, a bar na hagu kaɗai yana aiki. Ana yin haka da wani bututu mai hanya biyu, irin wanda Eric Carlens ya ƙirƙiro a 1949. Idan na'urar numfashi ta cika huhu ɗayan nan da iskar huhu biyu, ƙananan jakunkunan iskarsa sai su ji rauni, kamar salkar da aka ɗura wa ruwa fiye da kima. Saboda haka likitan sa barci kan rage iskar zuwa mililita 4 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon majinyaci, ya bar ɗan matsi a ƙarshen kowane numfashi don kada jakunkunan su manne. Yana kuma taƙaita ƙarin ruwa.

Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna ciwon huhu ya kama kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa ƙirji, amma kashi 9 kacal na waɗanda aka yi wa aiki ta ƙananan huji.

Majinyaci ma yana da nasa aikin: barin taba aƙalla mako 4 kafin tiyata, jan dogon numfashi, yin tari, da tashi tafiya da wuri. A Argungu da Birnin Kebbi, inda ake bandar kifi da girki da itace, rage shaƙar hayaƙi wajibi ne. Wanda haɗiya ta soma yi masa wuya kuwa, ya garzaya asibiti, kamar Asibitin Sir Yahaya, tun kunu yana wucewa.