Kuɗin Wuta a Kwanyawa: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

In ka tambayi magidanci a Kwanyawa, ko Tudun Kaya ta ƙasar Karaye, ko Zarewa ta ƙasar Rogo, nawa wuta take ci masa a wata, bil ɗin 'yan NEPA kaɗai zai kawo maka. Ba zai sa man inji a ciki ba, ba zai sa kuɗin cajin waya a shago ba, balle batirin tocila, da gawayin guga, da ƙanƙarar da ake saye a watan azumi. Duk waɗannan kuɗin wuta ne, kuma daga aljihu ɗaya suke fita.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin fetur ya ninka ya sake ninkawa. Ranar 3 ga Afrilun 2024 kuma hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki, ta ɗaga yunit ɗin 'yan rukunin A, wato waɗanda ya kamata su samu wuta awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225. Madatsar ruwan Challawa tana nan a ƙasar Karaye tun 1992, amma zama kusa da ita bai taɓa rage wa kowa ko sisi a bil ba. Ba kai ka kawo tsadar nan ba, gaskiya ne. Amma ɓarnar da ake yi a cikin gidanka taka ce, kuma ita ce kake da iko a kanta. Ga ƙa'idojin, ba lallashi a ciki.

ABIN DA ZA A YI

1. Ka san abin da kake saye. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Juya dutsen gugarka, duba bayan talabijin, duba jikin hita: akwai lamba da harafin W a gefenta, ita ce ke gaya maka cin kowanne. Dutsen guga mai wat 1,000 a awa ɗaya yake lashe yunit. Ƙwan fitila mai wat 9 sai ya yi sama da awa 100 kafin ya ci haka. Ka riƙe wannan: duk abin da aikinsa kawo zafi ne, shi ne mai cin wuta, wato hita, dutsen guga, rishon lantarki da butar lantarki. Fitilar zamani da rediyo da cajin waya ba su ne matsalarka ba.

2. Ka cire tsofaffin ƙwayayen nan masu jan haske da ƙona hannu. Yi lissafin da kanka. Ƙwai biyar masu wat 60, awa shida kowane dare, yunit 54 ke nan a wata. In ka sa na zamani masu farin haske, wat 9 kowanne, haskensu bai gaza ba, amma yunit 8 da ɗan ɗoriya za su ci. Ba sai ka canza duka rana guda ba. Fara da na ƙofar gida da na tsakar gida, tun da su ne ke kwana a kunne.

3. Ka nemi mita, ka dage. Mai mita abin da ya sha yake biya, marar mita kuwa abin da aka kintata masa. Tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit da kamfani zai iya rubuta wa marar mita, gwargwadon abin da masu mita irinsa suke sha a yankinsa. Ka je ofishin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ka nemi mita a rubuce. Kafin ta zo, ka tambayi iyakar da aka sa wa layinku, ka gwada ta da abin da ke takardarka.

4. Ka san rukunin layinku. An kasa masu shan wuta gida biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kowane rukuni da farashinsa. Ku sayi littafi na 'yan makaranta, ku sa yaro mai hankali ya riƙa rubuta ƙarfe nawa aka kawo, ƙarfe nawa aka ɗauke, kullum har wata ya cika. In abin da kuke samu bai kai abin da ake cajinku ba, wannan littafin shi ne shaidarku. Ku kai ƙorafi ofishin kamfani a rubuce, ku riƙe kwafi. In ba a share muku hawaye ba, NERC tana da zauren sauraron ƙorafi a Kano. Tara jama'a a yi ta hayaniya a gindin falwaya bai taɓa gyara bil ba.

5. Uwargida, ki tara guga. Kada a jona dutse don riga ɗaya da safe, a sake jonawa don ɗankwali da la'asar. A ware rana guda a mako, a goge na kowa. A fara da masu kauri, shadda da yadin maigida. In an kusa gamawa a zare dutsen daga soket, ragowar zafinsa ya isa kallabi da kayan jarirai. Ruwan wanka kuma, hita mai wat 1,500 a rabin awa tana cin abin da fankar sama take ci a dare guda. In da murhu a kunne, a ɗora tukunya a kan ragowar garwashi. In rana ta buɗe, baƙar jarka a tsakar gida ta wadatar.

6. Ka kula da firji in kana da shi. Ka janye shi daga jikin bango iska ta ratsa bayansa, kada rana ta riƙa dukansa, kada a sa tuwo ko miya da zafinsu. Gwada robar ƙofar: saka takardar naira, rufe, ka ja. In ta zame ba gardama, sanyi yana tsiyaya, injin kuma ba ya hutawa, sai a canza robar. Ruwan sha kuwa a mayar da shi randa. Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska. Tumatir da tattasai da alayyafo suna yin kwanaki a ciki ba su lalace ba. Wanda ke zaune kusa da masu noman rani ba shi da uzurin rashin gwada wannan.

7. Ka shiga sola daidai ƙarfinka. A watan Oktoban 2024, da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako guda a cikin duhu, masu ɗan faranti a kan rufi ne suka riƙa taimakon maƙwabta da caji. Ba sai ka ci bashin miliyoyi ba. Faranti ɗaya, batir ɗaya, ƙwai uku da wurin caji sun raba ka da sayen batirin tocila da zaryar shagon caji. Amma sola tana da sharaɗi: a goge farantin, musamman da hunturu, domin ƙura tana tare rana. Batirin ruwa kuma kada a riƙa tatse shi har ƙasa. In ana wuce rabinsa kullum, ba zai yi tsawon rai ba.

8. Ka karɓi rasit a kan kowace naira. Ka biya a ofis, ko banki, ko wurin wakilin da kamfani ya amince da shi, ka duba lambar asusunka ce a jiki. Ka sami leda ɗaya ka riƙa tara su. Kuɗin da ka danƙa wa mai yanke wuta a ƙofar gida don ya sauke tsaninsa, kyauta ka yi masa. Bashinka yana nan yana jiranka.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ka zagaye mita, kada ka saƙalo waya da daddare. Sunanta sata, ko da kowa a layinku yana yi. Dokar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri a kanta. Kuma ba kamfani kaɗai ka cuta ba: wutar da ta fita daga layinku ba a san mai ita ba, a kan marasa mita ake raba nauyinta, cikinsu har da tsohuwar da ƙwai biyu kacal gare ta. Wanda ya yi alwala da ruwan da wutar sata ta ɗumama, ya je ya tambayi malaminsa.

2. Kada ka ce "ai ni ba mita gare ni ba, ko na kashe ko na bari duk ɗaya ne." Wannan maganar ita ce ke barin ƙwai a kunne da tsakar rana a ƙofar shaguna da masallatai. Kintacen da ake yi muku daga abin da layi ya sha ake ciro shi. Kowa ya yi sakaci, kowa zai gani a takarda. Ranar da mita ta zo kuma, gidan da ya saba da ɓarna shi ne katinsa zai ƙare kafin sati ya zagayo.

3. Kada a jona komai lokaci guda da an kawo wuta. Kowa ya san yadda ake yi: yara su ɗauki ihu, wannan ta ruga da dutsen guga, waccan ta tsoma hita a bokiti, mai walda ya tayar da injinsa, mai niƙa ma haka. Kafin minti goma ƙwai ya koma ja kamar garwashi, fanka tana juyi da ƙyar, can sai ka ji tau daga wajen taransifoma, unguwa ta koma duhu na sati ko wata. A dakata minti biyar wutar ta daidaita. A fara da caji da firji. Masu zafi a jona su ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta yi rauni a kashe firji da injin ruwa, domin raunin wuta yana ƙona su kamar yadda yawanta yake yi.

4. Kada ka fita ko ka kwanta ka bar makunni yadda ɗaukewar wuta ta same shi. Da an ɗauke, a zagaya a kashe, a zare dutsen guga da hita daga soket. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Ƙarfe biyun dare za ta iya zuwa, ta tarar da dutse kife a kan katifa, ko hita a bokitin da ruwansa ya ƙafe. Gobara da yawa a gidaje da kasuwanni daga nan ta faro.

5. Kada ka tayar da inji don abin da bai kai ba. Ƙaramin janareta da ƙyar lita guda ta ba ka yunit biyu. In lita tana naira 900, yunit ɗinka ya haura naira 400 ke nan, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Kallon ƙwallo kai kaɗai bai cancanci haka ba. In dole ne, a tsayar da lokaci, daga magariba zuwa ƙarfe goma, a yi caji da komai a ciki. Kada a kwana da inji a ɗaki, ko zaure, ko gindin taga don tsoron ɓarayi: hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba a gani, ba a jin warinta, mutum yana barci take kashe shi. Kada a zuba masa mai yana aiki. Kada kuma a haɗa shi da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin NEPA ba, don wutar injinka tana iya komawa kan falwaya ta kashe mai gyara.

6. Kada ka sayi siririyar waya don ta fi sauƙi. Arha ba ta ado. Wayar da ta gaza kayan da aka ɗora mata zafi take yi, kuma wannan zafin yunit ɗinka ne yake tafiya a banza kafin ya zama gobara. In ka taɓa soket ka ji ɗumi, ko ka ga bakinsa ya yi baƙi, a canza shi yau. Mai gyaran da ke murɗa waya biyu ya naɗe da leda, kada ya sake taka gidanka. Haka tsohuwar firizar gwanjo: rangwamen da ka samu ranar saye, a wata-wata za ta karɓe abinta.

7. Kada a yi karo-karon taransifoma da ka. A ƙa'idar NERC, gyara ko sauya taransifoma da falwaya da wayar layi nauyin kamfani ne, ba na masu biyan bil ba. In jama'a sun gaji da duhu sun ga ba makawa sai sun sa kuɗinsu, to a yi yarjejeniya a rubuce da kamfani kan yadda za a mayar musu, mai unguwa da dagaci su shaida, a kuma karanta wa kowa abin da aka tara da abin da aka kashe.

8. Kada ka bar bashi ya taru, kada kuma ka gaji na wani. Biyan kaɗan-kaɗan duk wata ya fi ranar da za a zo da tsani kana ba da haƙuri a gaban iyalinka. In za ka kama hayar gida ko shago a Karaye ko Rogo, ka ga takardar wutar ƙarshe kafin ka ba da kuɗi.

9. Kada ka yi tsimi a inda bai dace ba. Fitilar da yara ke karatu da ita ba a kashe ta. Fankar tsoho, da mai jego, da marar lafiya a zafin Afrilu ba a taɓa ta. Maigidan da ya hana 'yarsa hasken bitar karatu, alhali shi yana tsoma hita kullum da asuba, ba tattali yake yi ba, son kai ne.

Daren yau, bayan sallar isha'i, ka tara mutanen gidanka ka karanta musu waɗannan ƙa'idojin. Ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin zagayawa ya kashe, wani ya riƙe littafin awanni, kai kuma ka riƙe rasit. Ƙarshen wata ku zauna ku haɗa duka, bil da mai da caji da gawayi, ku gwada da na watan jiya. In bai ragu ba, akwai wanda bai bi ba, kuma ka fara binciken daga ɗakinka.