Kafin ka goge tutar katsewa, san wane zubin cip ne a gabanka

Aikina rubuta direba ne, wato manhajar da ke tsakanin na'ura da tsarin kwamfuta, kuma akwai wani ƙorafi da ke yawan zuwa teburina: allo iri ɗaya, manhaja ɗaya, amma sabon kayan da aka kawo yana daskarewa alhali tsohon lafiya lau. Sau da yawa idan na bi sawu, sai in tarar matsalar tana wurin goge tutar katsewa.

Idan katin sadarwa ya karɓi bayani, yana ɗaga wani bit a rajistarsa, wato tutar katsewa, ya katse wa kwamfuta aiki. Direba ya karanta, ya yi abin da ya kamata, ya goge bit ɗin. Kamar mai sallama ne a bakin ƙofa, in ba a amsa ba zai yi ta maimaitawa. To amma amsar ba iri ɗaya ba ce. Wani cip ɗin da ka karanta rajistar ta gogu, kamar ICR ta katunan e1000 na Intel. Wani sai ka rubuta 1 a kan bit ɗin, wani kuma 0 yake so.

Misalin da nake nuna wa masu koyo a wurina shi ne direban r8169 na Linux, mai kula da katunan Realtek. A tsofaffin zubi, rajistar rufe katsewa tana 0x3c, ta tutoci tana 0x3e, kowacce bit 16. Da RTL8125 mai gudun gigabit 2.5 ya fito, sai ta rufewa ta koma 0x38, ta tutoci ta koma 0x3c, kowacce bit 32. Duba da kyau: adireshin 0x3c yana nan a duka biyun, amma aikinsa ya canza. In ka bi sabuwar hanya a kan tsohon cip, abin da ka rubuta don gogewa zai sauka a rajistar rufewa, ya kashe sauran katsewar da kake jira, tutar kuma tana nan daram. In ka bi tsohuwar hanya a kan sabo, rabin sama na rajistar za ka karanta, ka ce wa Linux kiran ba naka ba ne. Linux na ƙirga wannan. Idan cikin katsewa 100,000 sama da 99,900 ba wanda ya amsa, sai ya rufe layin gaba ɗaya, har da duk na'urar da ke tarayya da katinka a kansa.

Abin da ya burge ni a direban nan shi ne tsarinsa. Tun lokacin da ya fara gano katin yake karanta lambar zubi daga rajistar TxConfig ya adana, sannan duk gogewa ta bi ta ƙofa ɗaya, rtl_ack_events. Haka nake so a yi. Ba na son ganin tambayar "wane zubi ne?" a warwatse cikin fayil, domin ranar da zubi na uku ya zo, dole a manta da wani wuri. Idan kuma lambar baƙuwa ce, gara direba ya ƙi tashi ya faɗi dalili da ya yi canke.

Akwai wani kuskuren da ke ɓoyewa ko da adireshin daidai ne. A rajistar da ake gogewa da 1, kada ka karanta, ka ƙara bit ɗinka, ka mayar. Yin haka zai share duk tutocin da ke ɗage, har waɗanda ba ka kula da su ba tukuna, saƙo ya ɓace ba tare da wata alama ba. Wannan ya fi daskarewa wahalar kamawa, don yana iya yin mako bai nuna kansa ba. Mayar da bit ɗin da ka ɗauki nauyinsa kawai. A kan PCI kuma rubutu kan yi jinkirin isa, saboda haka inda ake bukatar tabbaci a sake karanta rajistar kafin a fita.

Kafin na amince da gyara, sai na ga an gwada shi a kan tsohon allo da sabo, da lodi mai nauyi, an kuma duba /proc/interrupts an ga ƙirgen yana tafiya daidai da aikin da ake yi.