Ciwon huhu ga yara: mu ƙidaya numfashi

Ƴan uwa, ɗari ya shigo. Iskar hunturu tana kwaso ƙura, tari da mura sun yawaita a gidajenmu, a Yamai da ƙauyukan kewaye. Mura takan wuce da kanta. Amma wani tarin alamar ciwon huhu ne, wanda yake kashe yara cikin ƴan kwanaki.

Ƙwayoyin cuta ne suke shiga huhu. Sai huhu ya kumbura, ya cika da majina da ruwa, iska ta rasa wurin shiga. Shi ya sa numfashin yaro yake ƙara sauri.

Idan yaro yana tari, mu bari ya natsu, mu ɗaga rigarsa, mu ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya. Akwai haɗari idan ya kai:

60, ga jaririn da bai cika wata 2 ba;
50, daga wata 2 zuwa wata 11;
40, daga shekara 1 zuwa shekara 5.

Haka nan idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa shan nono. Kada mu kwana, kada mu biya wurin wanzami ko masu tallar ƙwaya. Mu kai shi gidan likita. Maganin da aka rubuta, yaro ya shanye shi duka, ko da ya ji sauƙi.

A shekarar 2014 Nijar ta saka allurar rigakafin ciwon huhu cikin alluran jarirai. Mu kai su a yi musu. Mu ba su nono zalla har wata 6, mu nisanta su da hayaƙin murhu.