Darasi: Duba Babbar Mota Kowace Safiya Kafin a Kama Hanya

Da kaka ta yi, manyan motoci sukan cika ƙauyukanmu. Su ne ke kwashe masara, doya, dankali da tumatir zuwa kasuwannin birni, su kuma kawo mana taki da siminti. Direbobi da yaran mota da yawa 'ya'yanmu ne da mazajenmu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. In babbar mota ta ƙwace, ɓarnar ba ta tsayawa kan direba. Takan haɗa da masu babur, 'yan talla da yara masu zuwa makaranta.

Ba kasafai mota ke lalacewa farat ɗaya ba. Birki yakan fara sakin iska, noti ya fara kwancewa, taya ta fara tsagewa, kwanaki kafin abin ya faru. Wannan darasi yana koya mana yadda za a gano irin waɗannan alamu, da abin da ya kamata a yi bayan an gano su.

Kafin a tayar da inji

Direba da kansa ne zai duba motar. Yaron mota yana iya taimakawa, amma nauyin yana wuyan wanda zai riƙe sitiyari. A ajiye motar a wuri mai laɓaɓɓiyar ƙasa marar gangara, a ja birkin hannu, a sa waigi. A fara daga ƙofar direba a zagaye motar har a dawo inda aka fara. A riƙa bin hanya ɗaya kullum domin kada a tsallake wani abu.

1. Ƙarƙashin mota. A duƙa a duba ƙasa. Ɗigon baƙin mai, gas ko ruwa alama ce cewa wani wuri yana yoyo.

2. Inji. A auna baƙin mai, a duba ruwan lagireto da fanbel. Kada a buɗe murfin lagireto sa'ad da inji yake da zafi, tururin yana ƙona fuska da hannu.

3. Tayoyi. A auna iska da geji tun taya tana da sanyi. Buga taya da guduma ba ya nuna ainihin yawan iskar. A nemi kumburi, tsaga ko waya da ta fito. Inda tayoyi suke bibbiyu, a leƙa ta ciki, domin takan sace ta waje ta ɓoye ta. A cire duk dutsen da ya maƙale tsakaninsu. A gefen taya akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka yi ta: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba.

4. Notunan ƙafa. A taɓa kowanne. Layin tsatsa da ya gangaro daga noti, ko ƙarfe da ke ƙyalli kewaye da shi, alama ce cewa yana motsi. In an canja taya, a sake ɗaure notunan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

5. Fitilu da gilashi. Direba ya kunna, yaron mota ya tsaya a baya ya faɗi abin da ya gani: fitilar birki, sigina, fitilun gefe. A goge madubai da gilashin gaba, musamman lokacin hazo.

6. Lodi. Kaya su zauna daidai, kada su rinjayi gefe ɗaya. A ja igiyoyi da tamfol, a kulle ƙofar baya. In tirela ce, a tabbata mahaɗin kai da bodi ya kulle, wayoyin wuta da tiyon iska kuma suna haɗe.

7. Kayan ko-ta-kwana. Safayar taya mai iska, jak, sifana, tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Ganyen da ake zubawa a titi ba ya ganuwa da dare.

Birkin iska

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Yawancin manyan motoci da iska suke kama birki. Inji yana tura iska cikin tankuna, in direba ya taka birki, iskar ce ke matse ƙafafun. Iska tana ɗauke da danshi, danshin kuwa yakan zama ruwa ya kwanta a gindin tanki, ya cinye wurin iska, ya kuma sa tsatsa. Saboda haka a buɗe 'yar kafar da ke ƙasan tanki kowace rana a zubar da ruwan. In ruwan ya fito haɗe da mai da yawa, a gaya wa bakanike.

Bayan haka a tayar da inji a jira gejin iska ya cika. A kashe inji, a taka birki a riƙe na minti ɗaya. A sa ido kan allurar geji, a kuma kasa kunne. In allurar tana ta sauka, ko ana jin iska tana huci, akwai yoyo. Fitila ko ƙarar da ke gargaɗin ƙarancin iska dole ta kasance tana aiki. Wanda ya cire wayarta don ƙarar ta dame shi, ya toshe bakin mai faɗa masa gaskiya. Daga ƙarshe, a motsa motar a hankali a gwada birki tun ba a fita titi ba.

Mai gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo ya san amfanin wannan. A doguwar gangara, yawan taka birki yana sa shi zafi har ya daina kamawa, yana kuma rage iskar tanki. A sa ƙaramar giya tun daga sama. Kada a taɓa sakin mota a furi don ragin mai.

A rubuta, a faɗa, a gyara

Ganin matsala rabin aiki ne. Maganar baka takan ɓace: direba ya ce ya faɗa, mai mota ya ce bai ji ba. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa. A ajiye shi cikin mota, a ja layi biyar: kwanan wata, abin da aka gani, wanda aka gaya wa, ranar da aka gyara, da sa hannun bakanike. A rubuta dalla-dalla. "Birki ba daidai ba" bai isa ba. A ce: "Iska tana fita a ƙafar baya ta hagu in an taka birki." Direban da bai iya rubutu ba ya faɗa wa wani ya rubuta masa. In an canja direba, sabon ya karanta littafin kafin ya karɓi makulli.

A Birtaniya ana buƙatar masu manyan motoci su ajiye irin wannan rahoto na aƙalla wata 15. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fito da tsari a 2007 da ya wajabta wa masu motocin haya biyar ko fiye su yi rajista su kuma kula da lafiyar motocinsu. Mai mota ɗaya ma ba abin da zai hana shi bin wannan hanya.

Akwai matsalar da za ta iya jira a dawo, kamar yagaggen kujera. Akwai kuma wadda ba a tashi da ita ko kaɗan: birki mai yoyo, sitiyari mai wasa, taya mai kumburi, notin da ya ɓace, gas mai zuba, ko rashin fitila in za a yi dare. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Namu aikin

Cewa "ba zan tashi ba" yana da wuya ga direba. Yana tsoron a karɓe makulli a ba wani. Sau da yawa kuma mu masu kaya ne ke matsa masa, don tumatir zai lalace ko kasuwa za ta watse. Mu yi lodi da wuri domin ya sami lokacin dubawa. Kada mu roƙi a ƙara buhu bayan mota ta cika, kada kuma mu hau kan kaya. Ƙungiyar manoma da ke ɗaukar hayar mota tana iya neman ganin littafin kafin a yi ciniki. Mai mota kuwa ya riƙa ware kuɗin gyara daga kowace tafiya, kada ya hukunta direban da ya kawo masa rahoto. In haɗari ya faru a Nijeriya, a kira lamba 122.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne haɗurran manyan motoci muka sani a yankinmu? Da wace alama aka iya ganinsu tun da wuri?
2. Me za mu yi in direba ya ƙi tashi da kayanmu saboda birki?
3. Ta yaya za mu tsaya wa direban da aka kora don ya faɗi gaskiya?
4. Wa zai koya wa yaran motarmu wannan dubawa, kuma yaushe za a fara?