Darasi: Yaranmu da Kwamfuta, Koyo da Hannu

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a a takarda, sai a kwamfuta. Yaro daga ƙauyukanmu na Funtua da Malumfashi yana iya sanin amsa, amma ya faɗi domin bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Ana koyar da darasin a ƙaramar sakandare, sai dai inda babu wuta, a kan allo yake ƙarewa. Mu manoma mun san ba a koyon huɗa da baki. Ga ayyuka uku da za mu iya yi da yaran.

Aiki na 1: Wasan mutum-mutumi

Yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, wato na'ura mai bin umarni. Sauran su umarce shi ya shuka masara: yi taku biyu, sara rami, zuba ƙwaya biyu, rufe. Ba zai yi abin da ba a faɗa ba. In sun manta da "rufe", ramin zai zauna a buɗe. Nan za su gane cewa kwamfuta ba ta da hankalin kanta, umarni take bi daki-daki, kuma gano kuskure a gyara shi ne rabin aikin.

Aiki na 2: Ma'aunin laima

Mu nemi batir mai ƙarfin volt 9, waya, ƙusa biyu da ƙaramin ƙwan LED na tsohuwar tocila. A haɗa batir da ƙwan, a ɗaura kowane bakin waya a ƙusa, a soka su kusa da juna cikin ƙasa. A busasshiyar ƙasa ƙwan ba zai kama ba, amma in an zuba ruwa zai yi haske. In ya ƙi, a juya ƙafafunsa. Kada ƙusoshin su taɓa juna, ƙwan zai ƙone. Haka na'urar ban ruwa take: ta ji, ta yanke shawara, ta kunna famfo ko ta kashe. Mai noman rani a bakin madatsar Mairuwa ya san amfanin wannan.

Aiki na 3: Ranar kwamfuta

Ko kwamfuta ɗaya muka aro, mu yi caji da sola. A sa mata Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, wadda ake iya aiki da ita ba intanet. Yara su zauna uku-uku, kowa ya taɓa da hannunsa, 'yan mata ma haka. Masu jira su gwada yatsunsu a kan haruffan da aka zana a kwali.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yaranmu nawa ne suka taɓa kwamfuta?
2. Wa ke da kwamfuta ko sola a cikinmu da zai ba da aro?
3. Wace rana ce ba za ta hana aikin gona ba?