Girkin Mai Juna Biyu Da Abin Da Ke Cikin Rumbu

Ya ke 'yar uwa mai juna biyu, da kai maigida, da uwar miji, da duk mai hannu a cefanen gida, wannan darasi naku ne. Sau da yawa idan ma'aikaciyar lafiya ta ce wa mace a wurin awo ta riƙa cin abinci mai gina jiki, abin da ke faɗo mata a rai shi ne kaza da madarar gwangwani da tufa, sai ta yi shiru don ta san halin aljihun gidanta. Alhali mafi yawan abin da jikinki yake nema ana noma shi a ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari da ke bakin iyakar Nijar: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da yakuwa. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a haɗa su a tukunya ɗaya wadda kowa a gidan zai ci.

Me ya sa muke damun ki da maganar jini?

Idan kin ɗauki ciki, jinin jikinki yakan ƙaru da kusan rabi kafin haihuwa, domin ya ciyar da ke da abin da ke cikinki. Jini kuwa ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa cikin kowaɗanne mata masu ciki 100 a Nijeriya, 61 suna da ƙarancin jini. Mace mai ƙarancin jini za ta iya yin wata tara tana aikinta, jiri da kasala kawai take ji. Ranar haihuwa ake ganin illar, domin jinin da wata za ta zubar ta miƙe, ita zai iya kwantar da ita. Jaririn ma yakan zo ƙarami ko ya zo bakwaini.

Tuwon gero da miyar kuka abinci ne mai kyau, kuma gero ya fi farar shinkafa ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma idan shi kaɗai ne safe da dare, kuma miyar tsinkakkiya ce, ba zai wadatar ba. Masana abinci sun kasa abinci gida 10, suka ce mace ta samu aƙalla 5 a yini. Gidajen su ne hatsi da dangin rogo, wake, gyaɗa da riɗi, nono, nama ko kifi, ƙwai, koren ganye, jajaye irin su kabewa da karas da mangwaro da gwanda, sauran kayan lambu, sai sauran 'ya'yan itace. Ki ƙirga abin da kika ci jiya. Idan kin tsaya a biyu ko uku, ga hanyoyin ƙarawa.

Wake da hatsi a tukunya ɗaya

Abin da hatsi ya rasa na gina jiki wake yana da shi, abin da wake ya rasa kuma hatsi yana da shi, don haka haɗa su yana maye gurbin nama a ranakun da babu. Fate ya fi komai sauƙi. Ki jiƙa gwangwani biyu na wake tun da dare, da safe ki zubar da ruwan ki wanke. Ki ɗora shi da albasa, idan ya fara laushi ki zuba tsakin dawa ko na masara gwangwani uku, da daddawa da tattasai da ɗan manja ko man gyaɗa. Ganye shi ne na ƙarshe: alayyafo ko yakuwa ko zogale, hannu biyu cike, ki rufe minti biyar ki sauke. Ganyen da aka dafa har ya koma baƙi ya rasa amfaninsa da yawa.

Jiƙon nan na dare kada ki raina shi. Yana rage itacen da za ki ƙona, yana rage kumburin ciki, sannan yana rage wani sinadari da ke cikin wake da hatsi wanda yake riƙe ƙarfe ya hana hanji tsotsarsa. Haka ma gasarar da ta kwana ta yi tsami, ƙarfenta ya fi shiga jiki. Iyayenmu da ke jiƙa gero don koko sun riga mu gane wannan ko da ba su sa masa suna ba.

Dambun gero ko na tsaki da zogale shi ma haka ne, sai dai a cika ganyen, kada a yi masa yayyafi don ado kawai. Idan an sauke a zuba dakakken ƙuli-ƙuli. Kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa da ƙuli da tumatir da albasa, kwano ɗaya da hantsi, ya ba ki gida uku cikin goman nan a zama guda.

Riɗi ya cancanci a tsaya a kansa. Motoci suna lodinsa a Maigatari ana fita da shi ƙasashen waje, amma a gidaje da yawa ba a ganinsa sai a kantun yara. Ki rege shi ki fitar da yashi, ki shanya, ki ɗan soya sama-sama ba mai, ki daka ya yi laushi. Gwangwani ɗaya na wannan gari zai kaurara miyar gida guda kamar yadda agushi yake yi, a kuɗin da bai kai nasa ba. Ki dama shi da ruwa kaɗan, ki zuba a kan kayan miyar da suka soyu, ki bar shi ya nuna, sannan ki sa yakuwa ko alayyafo. Yana da mai, don haka ba sai kin zuba mai da yawa ba, kuma yana ɗauke da ƙarfe da sinadarin da ke gina ƙashi.

Ɗan tsami a kan abinci, shayi kuma daga baya

Ƙarfen da ke cikin ganye da wake ba ya shiga jiki sosai sai ya haɗu da bitamin C. Ki matsa lemon tsami a kan fate ko kwaɗo bayan an sauke, ko ki yanka ɗanyen tumatir, ko ki sha lemon zaƙi ko gwaba bayan cin abinci. Garin 'ya'yan kuka, wato farin nan da yara ke tsotsa, yana da wannan bitamin da yawa, kina iya dama shi a kunu bayan ya huce. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana toshe hanyar ƙarfe. Idan ba ki iya barinsa, ki ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da abinci, kuma kada ki haɗiyi maganin ƙarin jini da shi.

Nama kaɗan ma yana aiki

Ba sai an sayi kilo ba. Ɗan busasshen kifi da aka daka har da ƙashinsa aka zuba a miyar kuka ya canza miyar. Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, maigida ya yi ƙoƙari ya taho da 'yar hanta, domin tana da ƙarfe da yawa. Sai dai a kiyaye: yanka ɗaya kamar girman kwalin ashana, sau ɗaya a mako, ya isa. Cin ta kullum yana tara bitamin A fiye da kima, kuma hakan na iya cutar da jariri, musamman a watannin farko. Ƙwai, na kaza ko na zabi da ke yawaita da damina, ki dafa shi ya nuna sosai ki ci. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana sa a haifi yaro mai ɗauke-ɗauke ba ta da tushe, yawanci ma kuɗin ƙwan ake ji. Awara ta waken suya ita ma tana gina jiki kuma kuɗinta kaɗan ne. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma ki tabbata an tafasa madarar kafin ta yi tsami, kamar yadda ake yi wa kindirmo, don ɗanyar madara tana ɗauke da cututtuka masu iya zubar da ciki.

A rage kanwa

Ana jefa kanwa a wake don ya yi saurin nuna, ana sa ta a miyar kuka da kuɓewa da ɗan wake. Kanwa tana lalata wasu bitamin na dangin B, kuma gishirin da ke cikinta yana da yawa. Wanda ya jiƙa wakensa ba ya buƙatarta. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da shan kunun kanwa mai yawa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a ƙasar nan ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ramar uwa da hawan jinin ciki. Duk da haka, mai ciki ko mai jegon da ƙafarta ke kumbura ko jininta ya hau, kunun kanwa ba nata ba ne. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya. Gishiri kuma a sayi mai sinadarin aidin, a zuba kaɗan, dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne.

Garin kunun da za ki ajiye

Watannin ƙarshe ciki yakan danne tumbi, mace ba ta iya cin da yawa a zama ɗaya, sai kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar. Wannan garin yana taimakawa. Ki auna gero ko dawa awo 6, waken suya awo 3, gyaɗa awo 1. Ki wanke kowanne daban ki shanya, ki soya waken suyar har ya yi ƙamshi ki cire ɓawon, ki soya gyaɗar da hatsin sama-sama, a niƙa su tare. Ki zuba a mazubi mai murfi, ki yi na mako biyu zuwa uku kawai don man gyaɗar kada ya yi ɗaci. Kofi ɗaya da hantsi ko da la'asar ya zama ƙarin abincin da ake so ki samu a kan na kullum. Shi ne kuma za ki fara ba jariri idan ya cika wata 6 da nono zalla. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a tsince a zubar, kada a ce a yi ƙuli da ita, gubar da ke cikinta tana lalata hanta kuma wuta ba ta kashe ta.

Zuwa ga maigida

Arahar cefane tana ga lokacin saye. Da kaka, kafin ka sayar da wake da riɗi da gyaɗa, ka ware na gida tukuna, domin abin da ka sayar da araha a Nuwamba shi za ka saya da tsada a Yuli. Wake a adana shi a buhu mai leda biyu a ciki ko a jarka mai rufuwa ruf, iska ba ta shiga, ƙwari za su mutu ba tare da an barbaɗa magani ba. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ganye ya fi yawa. A tsinki zogale da rama da lalo da tafasa a shanya a inuwa, kada a rana, a ajiye don rani.

Daga 2014 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri a Gagarawa da Buji da Kirikasamma, inda ake ba mai ciki Naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, har yaronta ya cika shekara 2, tare da koyar da ita da mijinta yadda ake ciyarwa. Da aka bi sawu an tarar yaran gidajen suna cin abinci iri-iri, kuma tsumburewa ta ragu a cikinsu. Shirin ya ƙare, amma ya nuna cewa kuɗi kaɗan, idan ya shiga hannun mai girki kuma ta san abin da za ta saya, yana bayyana a jikin yara. Sannan a duba rabon abinci. A gidaje da yawa mace ce ke zuba wa kowa, ita ta ci ƙanzo. Wadda ke ɗauke da ciki a fara cire nata, da tsokar da ke cikin miyar.

Abinci ba ya maye gurbin awo

Ko kin ci duk abin da muka lissafa, buƙatar ciki ta fi abin da tukunya kaɗai za ta bayar. Ki sha ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki a wurin awo kullum har ki haihu. Idan bayan gidanki ya yi baƙi, aikin maganin ne, kada ki daina. Idan yana tayar miki da zuciya, ki sha da dare bayan abinci. Ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki kwana a gidan sauro, domin zazzaɓi ɗaya yana cinye jinin da kika yi wata kina tarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8.

Idan kika ga cikin idonki ko tafin hannunki ya yi fari, ko kina haki daga ɗan taku, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko zubar jini komai ƙanƙantarsa, kada a jira ranar awo. A nemi abin hawa a kai ki asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel, da katin awonki a hannu.