UWARGIDA, IN ZA KI ƊURA TUMATIR A KWALBA, KADA KI MANTA DA TSAMI

Uwargida, ki saurara. Da sanyi, daga Janairu zuwa Maris, tumatirin fadama yakan yi araha har ya ruɓe a kwando. Damina na faɗuwa kuwa sai ya gagari talaka. Shi ya sa matan Tafoki, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sukan markaɗa shi su dafa su ɗura a kwalba. Dabara ce mai kyau, amma in aka yi ta da ganganci tana iya kwantar da gida guda.

Akwai wata ƙwayar cuta mai zama cikin ƙasa, takan manne wa kayan lambu. Tafasawa ba ta kashe ta. In ta sami kwalba a rufe, ba iska, ba tsami, sai ta farfaɗo ta zuba dafi cikin abincin. Likitoci suna kiran wannan ciwo botulizim. Tsami ne yake hana ta motsi, tsamin tumatir kaɗai kuwa ba kullum yake isa ba.

Ki zaɓi nunanne marar tabo, ki wanke, ki markaɗa shi zalla. Albasa, tattasai da attarugu su jira ranar miya, don suna rage tsami. Ki sami kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, irin ta Bama, ki wanke ki tafasa. Ban da gorar roba. A kowace kwalba mai cin lita 1 ki zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2, kada ki yi rowa. Ki ɗura tumatirin da zafinsa, ki bar sarari kamar kaurin yatsa, ki goge baki, ki rufe. Sai ki shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ki jera kwalaben, ruwa ya sha kansu da yatsa biyu. Minti 50 daga lokacin da ruwan ya tafasa, ba daga lokacin da kika hura wuta ba.

Kuɓewa, kabewa, alayyafo, wake da nama ba su da tsami, ba a ajiye su ta wannan hanya. A shanya su kamar yadda aka saba, nesa da ƙura da kaji.

Ranar buɗewa, in murfi ya kumbura, ko ya yi kumfa, ko wari, ki binne shi inda yaro da akuya ba za su tona ba. KADA KI ƊANƊANA. Wanda ya yi kyau a ido ma ki tafasa shi minti 10 kafin a ci, don dafin ba lalle ya yi wari ba, amma wuta tana karya shi.

Wanda ya ci ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido na faɗuwa, magana na sarƙewa, haɗiya na wuya, yawanci cikin awa 12 zuwa 36, kada a tsaya jiƙo. A kai shi Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa nan take, tare da kwalbar da duk wanda ya ci miyar.